Maƙala Ba Suna

Sufeto bai gama shan shayinsa ba aka kira shi jami'a, wai an yi ɓarna a sashen binciken laifuka ta na'ura. Ya tafi da ɗokinsa, don sashen na Farfesa ne, dattijon da ya koya masa tono bayanai daga waya tun lokacin da ko kunna kwamfuta bai iya ba.

Ɗokin bai daɗe ba. A ɗakin gwaji ya tarar da wata ɗalibar digirin digirgir zaune gaban kwamfuta, idanunta sun kumbura. Ba a fasa ƙofa ba, kuma bisa ga dukkan alamu ba a ɗauki ko tsinke ba. Maƙalarta ce aka goge, da duk sakamakon gwajin da ta yi shekaru tana tarawa, har da na faifan ajiyar da take ɓoyewa a durowa. Jibi mujallar da za ta tura wa za ta rufe karɓar maƙalu, kuma idan ba a buga tata ba, ba digiri.

"Me maƙalar ta ƙunsa?"

Ta ce akwai wata hanya ta gano lokacin da aka goge saƙo a waya, wadda kotuna suka daɗe suna dogaro da ita. Ita kuma ta gano hanyar tana kuskure idan an taɓa sauya agogon wayar.

"Wa ya ƙirƙiro hanyar?"

"Baba," in ji ta, ta sunkuyar da kai. Farfesa take nufi, haka duk ɗalibansa ke kiransa.

Sufeto ya sa aka kira mai kula da ɗakin gwajin. Mutumin ya yi ta rantsuwa cewa komai na nan lafiya lau. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Da Sufeto ya buɗe kabad, ya ga kwalin sabon faifai a yage, babu faifan. Nan take mutumin ya sauya magana: ya lura tun safe, tsoron a ɗora masa ne ya hana shi faɗa.

Sufeto ya daɗe yana juya kwalin. Wanda ya zo gogewa, me zai yi da sabon faifai? Amsar ta zo masa da muryar da ya sani sarai, daga ranar farko a aji: ba a taɓa asali sai an kwafe shi. Ya so ƙwarai a ce ya manta wannan darasi.

Da ya je ofishin Farfesa, dattijon ya tarbe shi da fara'a, har ya tsokane shi kan tumbin da ya ajiye. Ya ce abin ya yi masa ciwo, ga shi ko karanta maƙalar bai samu ya yi ba.

"Amma ai za ta iya sake gwajin," in ji shi. "Batun agogo ba shi da wuya."

"Baba, ni ban ambaci agogo ba."



"Ina kwafin?" Sufeto ya tambaya. "Na san hannunka ba zai iya gogewa bai kwafa ba."

Hali zanen dutse. Farfesa ya jawo durowa ya fito da faifan, a cikin ledar shaida, a liƙe tsaf kamar yadda ya koya wa kowa. Ya ce a kan teburinta ya ga maƙalar, ya karanta a tsaye. Daga farko har ƙarshe babu sunansa, sai "hanyar da aka saba" ake ta kira ana rushewa. Yarinyar da ya riƙa kamar 'yar cikinsa za ta tsiraita shi a idon duniya, ko godiya babu. Zuciya ta ɗebe shi.

Ɗalibar tana bakin ƙofa, ta ji komai.

"Baba, kwafin masu tantancewa ka karanta," in ji ta a hankali. "Mujalla ba ta yarda a bar sunan kowa a ciki, kai ka koya mana. Shafin sunaye daban ake turawa. Naka na sa a farko, don gyaran ya fito daga bakinka. Jira nake in gama in kawo maka ka sa hannu."

Farfesa ya dafe kai. Mutumin da ya tantance ɗaruruwan maƙalu marasa suna, sau ɗaya tak ya manta da ƙa'idar, a kan wadda ta fi kowa ƙaunarsa. Sufeto ya kawar da kai, don hawaye sun cika masa ido.

Ya tabbatar wa ɗalibar za a ba ta aikinta kafin jibi, ya bar ankwa a aljihu, ya kama hannun malaminsa ya tashe shi. A bakin ƙofa dattijon ya tsaya, bai iya kallon fuskarta ba.

"Ki cire sunana, 'yata. Yanzu ɓata miki aikin zai yi."

Ta jingina da bango ta fashe da kuka. Sufeto ya ja shi a hankali suka nufi mota.