Tartsatsi da Mai Hayaƙi

Hayaƙi ta fara gani kafin ta gan shi. A filin ƙwallon bayan makarantarsu, wani saurayi ya durƙusa gaban ɗan ƙaramin jirgin sama na roba, yana yi wa injinsa fifita da hula.

"Malam, cire batirin kafin ya cinye maka jirgin," ta ce.

Ɗalibar lantarki ce, mitar auna wuta ba ta barin jakarta. Shi kuwa malamin kimiyya ne a sakandare, yana haɗa jiragen ne don ɗalibansa. Da injin ya huce, ta raba wayar batirin, ta sa mitar a tsakani, ta ce ya ƙara wuta a hankali.

"Ka gani? Wuta am arba'in injin yake ja, wannan siririyar wayar kuwa talatin ma da ƙyar. Farfelar ta yi masa girma."

Shi dai ba mitar yake kallo ba. Kafin su rabu sai da ya karɓi lambar wayarta.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Na canza farfela da waya, jirgi ya tashi lafiya. Mai jirgin ne har yanzu bai sauka ba. Ki taimaka, Tartsatsi."

Ta yi dariya ta amsa: "Allah ya sauke ka lafiya, Mai Hayaƙi."

Tun daga nan, duk ranar hutu suna ɗakin gwajin makarantarsa, shi yana riƙe waya, ita tana narka dalma, hira na ta tsawo.

Da maganar ta kai gida, Baba ya haɗe rai. Ɗan amininsa, matuƙin jirgin sama, ya riga ya nuna yana son ta.

"Ga mai tuƙa jirgin gaske, ke kin liƙe wa mai jirgin wasan yara?"

Idonta ya ciko. Don biyayya ta yarda matuƙin ya riƙa kai ta makaranta. Wata safiya Mai Hayaƙi ya hango ta a gaban motar. Sati guda bai kira ba.

Ita ta gaji ta rubuta: "Kai da kake koya wa yara kada su yanke hukunci sai sun auna, ni ka yanke min ba ka ko tambaya ba?"

Nan take ya kira. "Ki yafe min, Tartsatsina. Tsoro ne ya kama ni."

"To ka daina. Ni ina nan."

Ranar da matuƙin ya zo gaida Baba, ya tarar da ita a tsakar gida, wayoyi barbaje a kan tabarma. Ya yatsine fuska.

"Baba, bayan biki ai sai a zubar da wannan tarkacen. Matata ba za ta riƙa ƙona yatsu ba."

Baba ya dubi 'yarsa. Shi ya saya mata ƙarfen narka dalma na farko, tun tana yarinya mai kwance masa rediyo. Da baƙon ya tafi, ya daɗe yana kallon wayoyin.

"Shi wancan malamin, me yake cewa game da aikin nan naki?"

"Cewa yake na fi shi iyawa, Baba."

"Kuma bai ji haushi ba?"

"Har ɗalibansa yake gaya wa."

Baba ya murmusa. "Ce masa ya turo manyansa."

Bayan ta kammala karatu aka ɗaura auren. Da za a tafi da ita, Baba ya riƙe hannunta, ya dubi angon.

"Ga ta nan, da ita da tarkacenta. Kada ka raba su."

"In Allah ya yarda, Baba."

Mama na share hawaye tana dariya. Baba ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."

Gidan duka ya amsa da amin.