Kwana Biyu Kafin Intabiyu

"Kowa ya kwanta! Kai direba, kashe motar — jefo makullin!"

Tsakar ranar Talata ce, a kwanar bayan gidan mai, inda ramuka ke sa kowace mota rage gudu. Motar kamfanin wayoyi ta tsaya cak. Manaja, shugaban gungun, ya ɗora wa direbanta bindiga a kunne. Tsatsa ya zagaya baya ya ɓalle ƙofa, ya shiga wurgo kwalaye cikin bas ɗinsu.

Birki na zaune a bayan sitiyarin bas ɗin, inji a kunne, fuskarsa naɗe da ƙyalle. Shekara biyu yana tuƙa su. Bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma da wannan yake lallashin zuciyarsa. Ta madubi yake kallon ɗan sandan rakiya da aka kwantar a kan kwalta. Ya san shi farin sani. Kofur ne, ɗan mai gidan da yake haya.

"Kar ka motsa, Yaya, don Allah kar ka motsa," ya ce a ransa.

Kofur ya motsa. Hannunsa ya doshi rediyon oba-oba da ke ƙugunsa.

Tau! Tau!

Direban kamfanin ya zabura zai gudu — tau! Ya kife a bakin kwata.

"Birki, ja mu ɓace!"

Ya ja. Ya taka totur har ƙasa.

Wata uku kafin wannan rana Manaja ya kawo wa Birki shawarar. "Kai kaɗai ne mai takardar makaranta a cikinmu, kuma ba su taɓa ɗaukar hoton yatsunka ba. Ana ɗibar 'yan sanda. Ka shiga, mu sami kunne a ciki."

Birki ya ci jarrabawar rubutu, ya ci gudu da tsalle. Saura intabiyu. Da mai gidansa, tsohon sufeto mai ritaya, ya ji labari, sai ya yi murna kamar shi aka kira. Kullum da yamma ya fito da tebur baranda, ya maƙala tabarau, ya ɗaure fuska.

"Fita ka sake shigowa. Ka shigo min kamar wanda ya zo aron guga! Miƙe kafaɗa. Wa ya ce ka zauna?"

"Yi haƙuri, Baba."

"Babu Baba a nan, Yallaɓai za ka ce. Ka kalli idon mai tambaya. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Kar ka yi kame-kame."

Matar sufeton tana daga kicin tana dariya. "Ka bar ɗan mutane ya sha ruwa mana. Ko su masu intabiyun ba za su gasa shi haka ba."

A irin wannan zaman ne Birki ya jefa tambayar da Manaja ya aiko shi da ita. "Baba, in suka tambaye ni yadda ake rakiyar kaya fa?"

"Tambaya mai kyau! Bari yayanka ya zo, shi ke yi yanzu." Tsohon ya ɗaga murya ya kira ɗansa daga ɗaki. Kofur ya fito yana goge takalmi, ya zauna, ya zana hanya da biro a bayan takarda. Ya ce a ƙa'ida mutum biyu ne, amma ran Talata shi kaɗai yake bin motar wayoyi saboda ƙarancin ma'aikata.

Washegari Birki ya kai wa Manaja takardar. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ba harbi. Manaja ya dafa ƙirji ya rantse.

Yanzu ga su a tsohon garejin da suke ɓoye kaya, an ja ƙofa an rufe. Can kan babban titi jiniya na ta kuka, motocin sintiri sun tare gada suna binciken kowace bas. Tasu kuwa tuni Tsatsa ya fara kwance mata lamba.

Birki ya cafki kwalar Tsatsa. "Mun ce ba harbi!"

"Sakar min riga, malam! Kira zai yi. Ka so mu kwana a ciki?"

Manaja ya raba su, ya gyara wa Birki wuyan riga yana murmushi. "Aiki ne, ƙanena. Ka koma gida ka yi jimami tare da su. Jibi ka je ka ci intabiyunka. In ka yi wani tunani daban, ka tuna na san unguwar da gyatumarka take."

A asibiti ya sami tsohon sufeto zaune a benci, hannuwansa a kan sandarsa. Direban kamfanin ya rasu tun a hanya. Kofur na ɗakin tiyata, likita ya ce ƙafar dama ba za ta tsira ba. Matar kofur na tsaye jikin bango da tsohon ciki, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da uwar kofur ta hango Birki sai ta riƙe hannunsa.

"Gara da ka zo, ɗana. Ka ci abinci kuwa?"

Aka nemi jini, ya miƙa hannu da sauri, aka gwada aka ce nasa bai dace ba.

"Zauna nan," in ji tsohon. "Jibi ne ko? Faɗa min matakan kama mai laifi."

"Baba, a bar maganar nan yau."

"Ba za a bari ba! Ka ga abin da rashin mutane ya jawo. Da su biyu ne a motar nan…" Ya juyo ya dubi Birki. "Faɗa min."

Birki ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan tayil. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ran Alhamis da safe ya tarar da farar riga a goge, rataye a ƙofar ɗakinsa. Uwar kofur ce ta goge ta kafin ta koma asibiti. Ya daɗe tsaye kafin ya iya sa ta.

Su arba'in ne a layi, kowa da fayil a hannu. Da aka kira lambarsa ya shiga, ya gaida manyan jami'ai uku da ke bayan dogon tebur. Suka duba takardunsa, suka yi tambayoyi, yana amsawa tiryan-tiryan. Ta tsakiyar, mace mai furfura a gefen hula, ta gyaɗa kai.

"Wa ya shirya ka haka?"

"Mai gidanmu, ranki ya daɗe. Tsohon sufeto ne. Mahaifin kofur ɗin da aka harba shekaranjiya."

"Allah sarki. Yaya jikin nasa?"

Birki ya buɗe baki zai ce da sauƙi, sai ya fasa. Gumi ya jiƙa farar rigar. Ya ajiye fayil ɗin a kan tebur.

"Ni na tuƙa motar 'yan fashin. Ni na ba su hanya da rana. Kayan na tsohon garejin bayan masaƙa, da yamma za a kwashe su. Abu ɗaya nake roƙo, a fara tura mota gidan mahaifiyata."

Kafin ƙarfe biyu an kewaye garejin. "Ku fito hannu a sama!" Tsatsa ya amsa da harbi ta taga — aka mayar masa! Nan ya faɗi, bai sake tashi ba. Manaja ya haura katanga, ya dira a kan tarin ƙarafa, ƙugunsa ya goce. Ana jan sa zuwa mota yana ihu, "Birki! Maci amana!"

Kotu ta ba Manaja ɗaurin rai da rai, ta ba Birki shekara goma sha biyu. Direban kamfanin ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Kofur ya bar aiki da ƙafa ɗaya, 'yarsa ta zo duniya yana koyon tafiya da sanduna.

Sau ɗaya tsohon sufeto ya je gidan yari. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bai zauna ba.

"Abu ɗaya na zo ji. Ranar da ka yi min tambayar rakiya, ka san abin da za a yi da amsar?"

"Na sani, Baba."

Tsohon ya matso jikin wayar ƙarfen.

"Uwarsa ta ce in faɗa maka ta yafe. Ni ban iya ba tukuna. Kai ka yi tambaya, amma ni na kira yaron nan da bakina ya fito daga ɗaki."

Ya juya a hankali yana dogara sanda. Birki ya kira shi sau biyu, bai waiwayo ba.