Wankin Wuƙar Illo

Shekara uku da shigar Nasara Sakkwato, wata ranar Talata dab da magariba, Dijatu matar Illo mahauci ta zagaya bayan rumbu ɗibar itace, sai ta ji nishi. Wata baƙar kyanwa ce kwance cikin jini, an sare mata cinya har ƙashi ya fito fari fat. Ba ta kowa ba ce, irin masu bin mahauta ce suna lasar ƙasa inda aka yi fiɗa. Dijatu kuwa in tausayi ya kama ta ba ta jin kira. Ta naɗe ta a tsohon zane ta kai ta madafa.

Ta wanke ciwon da ruwan ɗumi, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta shafa zuma, ta ɗaure da karan dawa biyu. Abu ɗaya ya rage mata. A gidansu tun kakanni, ba a gama jinyar sara sai an samo ƙarfen da ya yi shi, a wanke, a ɗiga ruwan a kan raunin. A wurinsu abin da ya ji wa jiki ciwo shi ne ke warkar da shi.

Da Illo ya dawo ta tare shi, ta nuna masa kyanwar. "Maigida, ko ka san wanda yas sare mussag ga?"

"Mi ag gamina da mussa?" in ji shi, bai ko dube ta ba. "Tambayi yaran unguwa."

Kwana uku ciwon ya ƙi kamewa, har ya fara wari. A yammacin na uku, kaji sun shige akurki, gari ya yi tsit, sai dutse ya faɗo tsakar gida ya fasa tulu. Wani ya biyo, wani ya biyo, kowane da zafi kamar daga murhu aka ciro shi. Dijatu ta leƙa bayan danga, babu kowa. Tana juyowa ta ji ihun Zulaihatu, 'yarta tilo mai shekara goma. Yarinyar na ƙasa tana birgima, cinyarta ta tsage ba wanda ya taɓa ta, daidai inda aka sari kyanwar.

Illo ya ruga ya ɗauko Malam Aƙilu, tsohon da unguwar ke kai wa irin wannan lalura. Malam ya zauna ya yi ta karatu yana tofawa cikin ƙwarya, sannan ya watsa wa yarinyar ruwan. Zulaihatu ta miƙe zumbur, ta yi jifa da uwarta har kanta ya bugi turmi. Muryar da ta fito daga bakinta ta ƙaton namiji ce.

"Wane ne kai?" Malam ya tambaya. "Mi kaka so ga yarinya?"

"Wadda ag ga madahwa ɗiyata ta. Ƙashi guda tal lasa anka sare ta. In ta mutu, wagga ma ta mutu."

"Ka ji tsoron Allah. Uwar yarinyag ga ita ka jinyar ɗiyarka."

"Don ita nib bar gidanga tsaye. Ta san magani, ƙarhen anka ɓoye mata. Yana nan cikin gida."

Dijatu ta share jinin goshinta ta dubi mijinta. Kwana uku yana kallonta tana fama, ya ɓoye mata cewa shi ya yi saran, don kada a ji mahauci ya huce haushinsa a kan kyanwa. Ba ta taɓa jin haushin mutum kamar na wannan lokaci ba.

"Illo," ta kira sunansa gatsal, abin da ba ta taɓa yi ba. "Kawo ta."

Ya zaro wuƙar fiɗa daga jinkar ɗaki. Dijatu ta wanke ta cikin ƙwarya da bisimilla, ta shiga madafa ta ɗiga wa kyanwar, ta dawo ta ɗiga wa 'yarta. Jinin ya tsaya. Amma kafin ta ajiye wuƙar, yarinyar ta fizge ta.

"Ruwa na ɗiyata," in ji muryar. "Ni jini nika so."

"Ba a ba ka jini a gidan Musulmi!" Malam ya daka masa tsawa, ya ɗaga murya da karatu. "Hita!"

Wuƙar ta yi sama, ta nufo wuyan Zulaihatu. Illo ya yi tsalle ya cafke kaifin da hannun dama. Aka ja, ya riƙe. Aka sake ja, Dijatu ta ji ƙarfe na cin ƙashi, bai saki ba.

"To, an biya," muryar ta ce a hankali. Yarinyar ta yi atishawa uku, ta sulale jikin uwarta tana kiran "Inna".

Kyanwar ta yi kwana tara ta tashi da ɗingishi, ta haura danga, ba a sake ganinta ba. Zulaihatu ta warke. Yatsu uku na Illo kuwa sun mutu, bai ƙara riƙe wuƙa ba har ya bar duniya. A daren da abin ya faru Dijatu ta ɗaure masa hannun. Sai da ta gama ya dubi madafa inda kyanwar take, ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tana numhwashi?"

"Tana yi," in ji ta. Sannan ne ya fashe da kuka.