Dutsen Niƙan Gungu

"Ni Mamman mai fito, ni na kori aljanun gungu da rana tsaka!" Haka yake faɗa wa duk baƙon da ya ɗora kekensa a kwalekwale, a tafkin bayan Kalgo. Sai ya nuna 'yan tsibiran da muke kira gungu, ya ce can mata suka ɓuya zamanin yaƙi, suna niƙa a gindin kuka. Mai musu ya biyo shi gida ya ga dutsen niƙan da ya ƙwato.

Wani yammaci fatake masu kekuna daga Gwandu suka sauka zaurensa. Rana ta yi ja, kaji sun shige akurki, gari ya yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunyar matarsa Hadiza, jiƙe da ruwan tafki. Wata ta biyo. Kekunan da ke jingine suka soma kaɗa ƙararrawa, babu hannu a kansu.

'Yarsu Zulai ta durƙusa gaban dutsen tana niƙa babu hatsi, har tafinta ya fashe. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta gane uwarta.

"Zazzaɓi ne," in ji Mamman. "Wane aljani ya isa ya shigo gidana?"

Hadiza ta aika aka ɗauko Malam Jibrin mai ruƙiyya. Ya tada turare, ya daɗe yana karatu a kan yarinyar, fatake na leƙe.

"Fita, baiwar Allah," in ji Malam.

Muryar tsohuwa ta fito daga bakin Zulai. "Ba ni fita. Ni ka gadin gungu tun kakanka bai yi haƙori ba. Hannun da yaɗ ɗauke min dutse na riƙe."

Mamman ya bugi ƙirji. "To ni ne! Kama ni in kin isa!"

Aka kece da wata busasshiyar dariya. "Kai? Kana kwance cikin jirgi, ka lulluɓe da taru, kana ce ma ɗiyarka 'yi maza'. Ƙafarka ba ta taɓa taka gungu ba."

"Mi kike so?" Malam ya tambaya.

"Shi maido shi bisa kainai, da ƙafatai, gaban baƙinai. In ya ƙi, in dawo."

Hadiza ta ce, "Ya yarda."

Zulai ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ruwa."

Da hantsi fatake suka jeru bakin tafki. Mamman ya sauka gungu, dutse a ka, yana ihu, "Dama ni na yi niyya!" Ya aje. Kwaɗo ya yi tsalle daga ciyawa. Gogan ya kurma "Wayyo Hadiza!", ya faɗa ruwa, ƙaya ta riƙe wandonsa a tsibiri.

Da ya iso gaɓa, babban fatake ya miƙa masa rawani.

"Ɗaura, mai fito. Sannan ka sake ba mu tarihin."