Layi Uku a Cikin Jeji

Tana tsaye a kan kujera tana goge kantar littattafai wani saurayi ya yi sallama, ɗauke da kwali a kafaɗa, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Dattawan ikilisiya ne suka yanke shawarar saya wa laburaren coci littafin taswirorin Littafi Mai Tsarki da ƙamus, domin gara ta gama da tsofaffin. Ita ke riƙe da makullin ɗakin, don haka ita aka ɗora wa zaɓe. Shi kuwa shagon littattafai ne ya turo shi.

"Kai ne mai tallan?" ta tambaye shi tana saukowa.

"Nuni na zo yi. In ya yi miki, ki saya."

Ya baje littattafai uku a tebur. Maimakon yabo, sai ya hau faɗin aibinsu. Na farko hotuna ne zalla, ba ma'aunin nisa. Na biyu ɗinkinsa ba zai kai bikin shekara ba a hannun 'yan makarantar Lahadi. Na uku ya tura gabanta, ya nuna mata jerin sunayen wurare a bayansa, kowane gari da shafinsa.

Ta buɗe taswirar fitowar Isra'ilawa daga Masar, ta haɗa gira.

"Me ya sa layi uku? Sau uku suka fita?"

"Sau ɗaya suka fita, wannan ba shakka. Amma ta ina suka bi? Watakila nan, watakila nan, watakila can. Gaskiya ban sani ba. Masu littafin ma ba su sani ba, shi ya sa na yarda da su."

Ta ɗago ta dube shi. A gidansu ta tashi ba ta taɓa jin namiji ya ce bai sani ba. Nan take abin ya shiga ranta, kuma bai fita ba.

Da yamma ta tura masa saƙo, wai don aiki.

"Malam Watakila, ka isa lafiya?"

"Na isa. Amma watakila na manta wani abu a laburarenku."

"Na duba, ban ga komai ba."

"Hankalina ne. Ki ajiye min shi, Ƙasar Alkawarina."

Ta karanta ya fi a ƙirga, tana murmushi ita kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya. Littafin taswirorin da ƙamus ɗaya tak aka saya, amma bawan Allahn nan sai da ya yi ta zaryar kawo gyara da ƙarin bayani har mai gadin coci ya daina tambayarsa wurin wa ya zo.

Matsalar Baba ce, mahaifinta. Shi ne babban dattijon ikilisiya, kuma shi ke koyar da ajin manya tun ba a haife ta ba. Yana da taswirarsa da ya zana da hannunsa a kan farin yadi, da jan layi guda ɗaya ƙwal daga Masar zuwa dutsen Allah. Ranar da ta kai masa sabon littafin ya gani, ya daɗe a kan shafin nan, gilashinsa a kan hanci.

"Wa ya ba su izinin ƙara wa Ubangiji hanyoyi?"

"Baba, ba ƙari ba ne. Cewa suka yi ba su tabbatar ba."

"Wanda bai tabbatar ba ya rufe bakinsa. Yau hanya ce watakila, gobe teku ce watakila, jibi kabarin ma watakila."

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ga Shugaban Mawaƙa, wanda ya daɗe yana rera mata waƙa da ido ba ta amsa ba. Ya samo wani siririn littafi mai layi ɗaya mai kauri kamar igiyar shanya, ya kai wa Baba har gida. Yana miƙawa ya sako zance cikin ladabi:

"Baba, ni ba na son kai ƙara. Amma yaron shagon nan ya tsaya gaban yadinka ya ce ma'auninsa ba daidai ba ne."

Malam Watakila ya faɗa ɗin, ba ƙarya. Ita ce ta tambaye shi ya ba ta amsa. Sai dai ya ƙara da cewa hannun da ya yi zanen ya ƙaunaci labarin, kuma wannan rabin Shugaban Mawaƙa ya bar shi a aljihu.

Don haka da Malam Watakila ya zo gaisuwa, ya durƙusa ya faɗi abin da ke tafe da shi, Baba bai ko ce ya tashi ba.

"Kana son 'yata? Ka tsaya gaban dattawa ka ce littafin nan kuskure ne, ka kwashe shi. In ba haka ba, kada in ƙara ganin takalminka a ƙofata."

Ta bi shi har bakin titi tana kuka.

"Magana ce fa kawai. Ka faɗa a wuce wurin."

"In ce kuskure ne alhali na san ba kuskure ba ne? A cikin coci?"

"To ni fa?"

"Ke ce komai nawa. Amma kada ki sa ni wannan."

Ta koma gida zuciyarta kamar ta fashe. Mama ta yi ƙoƙarinta, ta ce wa Baba taswira ba ta riƙe aure, ya ce ta tsaya a kan abin da ta sani. Makonni suka shuɗe ba kira. Ta rame, ta tsani ɗakin karatun da ƙamshin takardarsa. Rannan ta kasa daurewa ta rubuta:

"Na gane. Littafi ka zaɓa. Allah ya bar ku tare."

Ranar Lahadi bayan sujada sai ga shi cikin farar riga, ya nemi iso wurin dattawa. Tana tsaye a bakin ƙofa ta ji komai.

"Iyayena, littafin da na kawo akwai kuskure a ciki. Hanya ɗaya ce, kamar yadda Baba ya zana. Ku gafarce ni."

Muryarsa ta fito kamar ta ɗalibi mai hadda. Bai dubi kowa ba. Baba ya miƙe ya dafa kafaɗarsa, dattawa suka ce amin, aka sa siririn littafin a kantar laburare. Malam Watakila da kansa ya mayar da babban cikin kwali ya naɗe bakinsa da salatif.

Ta samu abin da ta roƙa. Ta jira farin ciki ya zo, ya ƙi zuwa.

Bikin aurensu ya yi kyau, ba laifi. Coci ta cika har waje, Shugaban Mawaƙa ya ja waƙa da murmushin dole, Mama ta yi kuka ta yi dariya. Da suka shiga mota, Baba ya sunkuyo ta taga, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗora hannu a kan angon.

"Ɗana, na ba ka ita da zuciya ɗaya. Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku 'ya'ya masu tsayawa a kan gaskiya komai wuya."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Mota ta tashi. Ta riƙe hannunsa, sabon zoben na matsa mata yatsa.

"Amaryata, kin yi shiru."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, hawaye na jiƙa masa kwat.

"Ina son ka, Allah ya sani. Amma ranar nan na so ka ƙi."

Ya damƙe hannunta.

"Ni ma na yi ta kallon ƙofa ta wutsiyar ido, ko za ki shigo ki hana ni."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya yafe musu su biyun.