Sunan Uwar Jelmer

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Asabar wayar ofishin 'yan sanda na Oldewier ta yi ƙara. Sufeto Rinse Postma bai ko kai gahawarsa baki ba.

"An sace doki, yallaɓai," in ji Saja Femke bayan ta ajiye waya. "Jelmer, na gidan Brandsma."

Duk lardin Firislan babu wanda bai san Jelmer ba. Baƙin doki ne mai farin tabo a goshi, kofi uku ya ci a gasar tsallake shinge cikin shekara guda.

Gonar Brandsma ruwa ya kewaye ta, hanyar fita ɗaya ce, ta gadar Oldewier. Nan take Rinse ya buga wa Kofur Auke, wanda gidansa ke gindin gadar.

"Tare hanya. Duk motar da za ta iya ɗaukar doki, buɗe ta."

Sun tarar da Brandsma a ƙofar barga yana safa da marwa. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaramin haƙuri, kuma duk jimla uku sai ya tuna maka cewa kwamishina abokinsa ne.

"Ba sai kun wahala ba," ya ce. "Marrit Algra ce, mai hawansa. Jibi zan miƙa shi ga wani Bajamushe, shi ne ta yi mini rashin kunya a gaban ma'aikata. Yau bakwai da rabi an gan ta a nan."

Rinse ya shiga bargar. Sirdi yana rataye, linzami yana wurinsa. Babu alamar kokawa a cikin ciyawa.

"Ba hawansa aka yi ba," ya ce. "An ji ƙarar mota?"

"Ba a ji ba."

Ya zagaya bayan tulin taki. Can cikin laka ya ga layi biyu sirara, ba su fi faɗin yatsa biyu ba, sun miƙe zuwa hanya kamar sawun tayoyin keken doki. Ya daɗe a tsugune.

"Dokin nan ya taɓa jan keke?"

Brandsma ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Jelmer? Sufeto, kada ka zage ni a gidana. Jinin tsallake ne gaba da baya, takardar asalinsa tana nan. Dokin keke wuya a sama, baya a lotse, sai ɗaga gwiwa kamar mai taka ƙaya. Ko tsintsiya ka ajiye masa ba zai tsallake ba."

A yankin nan wannan gardama ta girmi kowa. Masu dawakin tsallake suna kallon masu dawakin keke kamar dangi matalauta, a gaisa a jana'iza kawai. Rinse ya san zafin maganar, don a gidan masu keke ya tashi, a hannun kawunsa Harmen, tun rasuwar iyayensa. Ya dai rubuta a littafinsa.

Kafin su koma ofis kwamishina ya riga ya bugo. Ƙarfe uku yake so a shigar da tuhuma a kan Marrit. Rinse ya san abin da hakan ke nufi. Mahayin da aka taɓa rubuta wa satar doki, ko kotu ta wanke shi, babu bargar da za ta sake buɗe masa ƙofa.

Marrit mace ce mai kusan shekara arba'in, hannayenta duk kanta. An riga an kamo ta, tana zaune a ɗakin tambaya tana murza hularta.

"Ina kike da ƙarfe bakwai da rabi?"

"Ina gida."

"Mutum biyu sun gan ki a barga."

"To sun ga wata."

Rinse ya miƙa hannu ya zaro wani abu da ya leƙo daga aljihun rigarta. Gashin wutsiyar doki ne, baƙi, an kitse shi.

Idonta ya ciko. "Sallama na je yi. Shekara uku ina kansa. Ko abin tunawa ba zan riƙe ba?"

"Me ya sa kika yi ƙarya?"

"Wa zai yarda da ni a gaban Brandsma?"

"Ba ni labarin dokin."

Nan take bakinta ya buɗe. "Da farko dariya ake yi mana. Kai a sama, gwiwa har ƙirji. Wani alƙalin gasa ya ce mini, baiwar Allah, ina kika baro kekenki? Sukuwarsa ma sai da na shekara ina gyarawa. Amma ƙafafun bayan nan, Sufeto! Ga zuciya. Bai taɓa ƙin shinge ba, ko sau ɗaya. Brandsma ne kullum yake sa a ɗaure masa kai ƙasa, wai kada masu saye su yi wani tunani."

"Yana da wata ɗabi'a?"

"In ya ɗauki zafi, linzami ba ya tsayar da shi. Sai fito. Da katari na gano." Ta tura leɓe ta yi fito sau biyu, na farko gajere, na biyu ya sauka ƙasa.

Rinse ya san fiton nan. Da shi aka yi ta tashinsa daga barci shekara goma sha biyar. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai tsayar da doki haka.

Ya fita bai ko rufe littafinsa ba. Femke ta biyo shi da gudu da makullin mota. Duk hanya yana ƙwanƙwasa gwiwa da yatsa, yana duba agogo, yana roƙon Allah ya sa kunnensa ne ya yaudare shi.

A gada suka sami Kofur Auke cike da alfahari.

"Mota goma sha ɗaya na buɗe, yallaɓai. Har ta mai burodi."

"Ban da motoci fa?"

"Sai kekunan doki masu zuwa baje kolin Sint Marten. Af, kawunka ma ya wuce, ya ce a gaishe ka."

"Ka gan shi lokacin shiga?"

"Tun bakwai, ina shan gahawa a taga. Tsohuwar godiyarsa Tetsje ke jan keken."

"Da fitowa?"

"Tana ɗaure a baya. Na duba ta har haƙora, yallaɓai, ba ita ake nema ba."

"To wa ke jan keken?"

Auke ya ce, "Wani baƙi ne, da fatun nan na rufe ido. Amma yallaɓai, ai Jelmer dokin tsallake ne. Wa zai ɗaura wa dokin tsallake keke? Ai sai ya farfasa shi."

"Ka kalli goshinsa?"

Kofur ya sunkuyar da kai.

Rinse bai yi masa faɗa ba. Ka tara mutanen yankin nan ɗari a kan gadar, duk ɗarin bayan keke za su duba. Ya ce wa Femke ta buga wa Brandsma, ya same su a Sint Marten da takardar dokin.

Filin baje kolin ya cika maƙil. Ƙamshin soyayyen kifi, amon kiɗa, manoma da huluna baƙaƙe suna gardama a kan ƙafafun dawaki. Rinse ya ratsa su da kafaɗa har ƙarshen layin kekuna.

Kawu Harmen yana zaune a kan bokiti yana cin burodi da cuku. Shekararsa saba'in da huɗu, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. Gefensa baƙin doki yana tsaye cikin kayan keke, Tetsje tana lasar wuyansa.

"A'a, ɗan sanda," ya ce. "Ka ci abinci kuwa? Ka rame."

"Kawu, dokin wa ke nan?"

"Sabon saye ne. Daga wajen wani mutumin Groningen."

"Sunansa?"

"Na manta. Tsufa."

Rinse ya ciro hankicinsa. Ya goga a goshin dokin, hankicin ya dawo baƙi ƙirin da man takalmi, farin tabo ya bayyana.

Tsohon ya ci gaba da tauna. "Na ɗauka sai azahar za ka iso. Ashe na koya maka duba sawu da kyau."

Daidai nan Brandsma ya iso yana haki, takarda a hannu. Mutane suka fara taruwa.

"Ɓarawo! Tsohon banza! Wannan dokina ne!"

"Ka tabbata?" in ji Rinse. "Da safe ka ce mini naka bai taɓa jan keke ba. Wannan kuwa ya jawo keke kilomita goma sha biyu, ya ratsa gada da kasuwa."

"Nawa ne, na ce!"

Rinse ya karɓi takardar ya karanta. "An rubuta uwarsa Belinda, godiyar tsallake. Tana ina?"

"Ta mutu."

"Ga uwarsa nan tana lasarsa," in ji Kawu Harmen. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe kwat. "A hannuna aka haife shi. Ubansa dokin tsallake ne, kowa ya ce na haukace da na haɗa su. Ni na koya masa keke. Wata rana ya tsallake ƙofar gonata ba mai korarsa, wannan mutumin yana wucewa ya gani. Na sayar masa, da takardar gaskiya."

Wani manomi ya ɗaga murya daga baya. "Brandsma, ashe keke ne ya ciyo maka kofunan!" Fili ya ɗauki dariya.

Brandsma ya yi tsuru-tsuru. In ya ce ba dokinsa ba ne, ya rasa doki. In ya ce nasa ne, takardar da ke hannun Sufeto ta zama ta jabu.

"Ba wanda zai sayi ɗan godiyar keke," ya ce a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Kowa ya san haka."

"Saja, tafi da Brandsma ofis," in ji Rinse. "Ki saki Marrit Algra, ki mayar mata da kitson gashinta."

Sai ya juyo ga kawunsa. Da zai iya, da ya bar maganar a nan. Amma an buɗe bargar mutum an fitar da doki, kuma mace ta kusa rasa sana'arta a kai.

"Kawu, ka san an kama Marrit saboda kai?"

Fuskar tsohon ta canza. "Wallahi ban sani ba. Wannan kam ban kyauta ba. Ka ce ta yafe mini."

"Me ya sa ba ka zo wurina ba?"

"Na je ƙungiyar masu kiwo sau biyu. Suka ba ni gahawa, suka raka ni ƙofa. In na zo wurinka, a ce ɗa ya tsaya wa kawunsa. Sau uku ina tsaye bayan shinge, Rinse. Sau uku ya ci kofi, mai lasifika yana kiran sunan wata godiya a matsayin uwarsa. Shekara hamsin ana ce mana jininmu ba ya tsallake. Jibi zai tafi Jamus da sunan ƙarya, shi ke nan an binne maganar." Ya nuna aljihun Sufeto. "Fito da littafinka."

Rinse ya fito da shi.

"Rubuta. Ni Harmen Wiersma, ni na saci doki yau da safe, ni kaɗai. Ka rubuta?"

"Na rubuta."

"Wane doki ka sa?"

"Jelmer."

"Bai isa ba. Jelmer ɗan Tetsje, godiyar keke. Wannan takardar gaban alƙali za ta je, a karanta da ƙarfi, a buga mata hatimi. Ita kam ba mai canza ta."

Rinse ya rubuta, harafi bayan harafi, duk da layin yana yi masa hazo-hazo. Tsohon ya karɓa, ya nisanta littafin da idonsa, ya karanta sau biyu yana motsa leɓe, sannan ya sa hannu. Ya haɗa hannayensa biyu ya miƙo.

Femke ta riga ta tafi da motar. Rinse ya dubi ankwar da ke ƙugunsa, ya dubi dokin, ya dubi hanyar Oldewier.

"In na ɗaure ka, wa zai riƙe ragama? Hau, Kawu. Kana hannun hukuma."

Suka hau. Mutane suka dare, wasu manoma suka cire huluna. Jelmer ya ɗaga kai sama, ya ɗaga gwiwa har ƙirji, ba mai ɗaure masa wuya, uwarsa tana biye a baya.

A ƙofar ofis tsohon ya yi fito sau biyu, dokin ya tsaya cak. Ya miƙa wa Rinse ragama, ya sauka da ƙafarsa.

"Ka ba Tetsje ruwa kafin ka rufe ni," ya ce.