Wayar da Aka Tsinta a Aljihun 'Yar Malam

Tururin dutsen guga na dukan fuskarta, littafin lissafi na jingine da bango a gabanta, tana goge rigunan mutane tana satar kallon shafin. 'Yar Malam ake ce mata, don mahaifinta malamin makaranta ne. Tun da ya rasu, mahaifiyarta ta bi shi, sai yarinyar ta koma hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifin nata, mai shagon wanki da guga. Jarrabawar shiga jami'a ta matso, amma a gidan nan Auta, ɗiyar Gwaggo, kaɗai ake lissafawa. Ita aka biya wa darasin yamma, ita aka sayo wa sababbin littattafai. 'Yar Malam kuwa sai tsofaffin tambayoyin da Auta ta watsar take tsinta, ta yi ta bitarsu a tsaye har ƙafafunta su kumbura.

"Gwaggo, don Allah ki bar ni in je ɗakin karatu yau, ko na ɗan lokaci ne..."

"Ɗakin karatu? To Farfesa, wa zai goge mini kayan nan? Ubanki da ya yi bokon, me ya bar miki?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigar da take gogewa. "Allah Ka ga halin da nake ciki," ta faɗa a ranta, "ba ni da kowa sai Kai."

Ranar jarrabawa aka zaunar da su a layi ɗaya, Auta na bayanta. An yi nisa kenan masu sa ido suka fara bi kujera-kujera suna laluben ɗalibai. 'Yar Malam ta ji an taɓa gefen rigarta, ba ta ko waiga ba, hankalinta na kan takarda. Da aka zo kanta, sai ga waya an zaro daga aljihunta!

"Wallahi ba tawa ba ce... ban taɓa mallakar waya ba," ta ce. Ba wanda ya saurare ta. Aka karɓe takardarta, aka fitar da ita a gaban jama'a. A gida Gwaggo ta tara maƙwabta tana tafa hannu, wai ga marainiyar da take riƙo ta zubar mata da mutunci. Yarinyar ta daina cin abinci, ta daina magana, sai kuka da addu'a.

Bayan wasu kwanaki hukumar jarrabawa ta kira duk waɗanda suka zauna a layin. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai gilashi, ta ajiye wayar a kan tebur.

"Da yatsan mai ita take buɗewa. Ɗora naki, 'yata."

'Yar Malam ta ɗora yatsunta masu tabon ƙuna ɗaya bayan ɗaya, wayar ba ta motsa ba. Aka bi sauran. Da aka zo kan Auta sai ta ɓoye hannu a baya. Aka matsa mata, tana ɗorawa wayar ta buɗe. Ga amsoshin da aka sayo, ga saƙon Gwaggo da ta turo mata su.

Aka soke jarrabawar Auta, aka hana ta sakewa, Gwaggo kuma 'yan sanda suka tafi da ita a idon maƙwabtan nan da ta tara.

Dattijuwar ta riƙo hannun 'Yar Malam ta daɗe tana kallon tabon. "Za ki sake zana jarrabawar. Kafin nan ki dawo gidana, akwai tebur da fitila, ba wanda zai tashe ki."

Ta sake zana jarrabawar, ta ci, jami'a ta ɗauke ta. Ranar da ta fara shiga aji, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi wa iyayenta addu'a, sannan ta share hawayenta ta nemi kujerar gaba.